Takin gwamnati: buhu ɗaya, farashi biyu, ga damina ba ta jira

Wata damina a shekarun baya na raka kawuna sakatariyar ƙaramar hukumarmu karɓar takin gwamnati. Tun watan Mayu aka ce su kai sunaye wurin mai unguwa, suka kai. Ranar da aka kira su Yuli ta kusa ƙarewa, masararsa ta kai ƙugu, ganyen ƙasa ya fara komawa ruwan ɗorawa. Muka wuni a gindin darbejiya, sai bayan la'asar aka zo kan sunansa. Buhu ɗaya na kamfa, wato takin zamani mai haɗin sinadarai uku, su huɗu. Wani ya ruga bakin kasuwa ya aro tiya wurin mai awo, aka farke bakin buhu, kowa ya tashi da tiya biyar a ƙullin leda. Kawu ya ɗaga nasa ya jinjina, ya dubi ma'aikacin da ke riƙe da takarda ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan na bana ne ko na baɗi?" Mutumin bai ji haushi ba. Ya ce, "Baba, a yi haƙuri, abin da aka turo mana ke nan."

Gaskiya ya faɗa. Kuma a wannan ranar babu wanda ya saci ko ƙwaya a gabanmu. Shi ya sa nake ganin masu cewa matsalar takin gwamnati sata ce kawai sun taƙaita zancen. Akwai sata, za mu zo kanta. Amma ko da mala'iku aka ɗora a kan rabon, tsarin da jihohinmu ke bi duk shekara yana da ciwo a jikinsa, kuma ciwon yana farawa ne daga lokaci.

Masara ba ta san kasafin kuɗi ba. Abin da malaman gona ke koyarwa, wanda cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya ta daɗe tana nanatawa, shi ne a zuba kamfa lokacin shuka ko cikin mako biyu bayan tsiro, domin sinadarin da ke gina saiwa a farkon rayuwa ake buƙatarsa. Takin yuriya kuma ya biyo baya, wajen mako biyar zuwa shida, kafin masara ta yi fure. Wanda ya shuka a farkon Yuni, idan kamfa ya iso masa a ƙarshen Yuli, ya zama ihu bayan hari. Zai zuba dai, don ba a zubar da taki, amma buhun da zai iya ƙara masa hatsi mai yawa a makon farko ba zai ba shi rabin wannan ba a mako na bakwai. Abin da masarar kawu ke kuka a kansa a ranar nan yuriya ce, aka miƙa masa kamfa.

Ita kuwa gwamnati nata agogon daban ne. Ana sa hannu a kasafi a Disamba ko Janairu. Ma'aikatar gona ta rubuta takarda, takarda ta jira zaman majalisar zartarwa, a amince, a ba da kwangila, ɗan kwangila ya jira a sakar masa kason farko, kamfanin haɗa taki ya jira kayan haɗi daga tashar jirgin ruwa. Kaya sun iso ma ba a taɓa su sai ranar da mai girma gwamna ya samu sararin zuwa bikin ƙaddamarwa. Daga nan a tura ƙananan hukumomi, a kafa kwamiti, kwamiti ya yi rigimar wa zai shiga wa zai fita, sannan a gangara mazaɓu. Kowane mataki in ya ci mako biyu, lissafa da kanka ka ga inda ruwan sama ya kai. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma kusan kowace shekara ranar ake ɗauko wuƙa.

Sai batun yawa, wanda a nan ne alƙaluman da ake karantawa a rediyo ke ruɗar mutum. Tirela ɗaya ta taki buhu 600 take ɗauka, tan 30 ke nan. A ce wata jiha ta sayo tirela 500. A kunne abu ne mai girma, buhu 300,000, in aka jera motocin a fili sai an ɗauki hoton daga sama. To, a raba su a jiha irin Kano mai ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484: kowace mazaɓa ta samu tirela ɗaya da 'yan buhuna. Shawarar masana ga hekta ɗaya ta masara a yankinmu ita ce wajen buhu takwas na kamfa mai lamba 15:15:15 da buhu biyu zuwa uku na yuriya. Wato tirelar nan, in za a bi ƙa'ida, hekta hamsin da 'yan kai za ta ciyar, a mazaɓar da ke da magidanta dubbai, kowa da gonarsa ta gado da ta aro. Daga nan tiya biyar ɗin kawu ta fito. Ba muguntar kowa ba ce, rabo ne aka yi da gaskiya.

Yanzu ga inda bango ya tsage. Buhu ɗaya ne, kamfani ɗaya ya haɗa shi, amma farashinsa biyu: na gwamnati da na kasuwa. Idan kasuwa na sayarwa naira dubu 45, gwamnati ta ce nata dubu 22, to duk wanda takardar buhu 100 ta faɗo hannunsa ya samu fiye da naira miliyan biyu ba tare da ya taka gona ba. Ba ya ma buƙatar ganin takin da idonsa. Takardar kanta ake sayarwa a harabar sito, ɗan kasuwa ya biya kuɗin gwamnati, ya ba mai takarda ribarsa, ya loda mota. Saboda haka rabon taki ya daɗe da zama hanyar sallamar 'yan siyasa: kason shugabannin jam'iyya, kason masu unguwanni da dagatai, kason ƙungiyoyi, wasu ma ƙungiyoyin ba a jin ɗuriyarsu sai damina. A zamanin da rangwamen ke da yawa, takin Najeriya har tsallaka iyaka yake yi ya shiga kasuwannin Nijar, domin ko an biya kuɗin mota da na hanya akwai sauran riba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, shi ma talakan da rabonsa ya iso hannunsa sau da yawa sayarwa yake yi, kuma ban ga laifinsa ba. Taki mai rangwame ba kyauta ba ne, kuɗi hannu ake biya. Yuli da Agusta kuwa su ne watannin da rumbu ya yi ƙasa, ga zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da yara, ga kuɗin 'yan ƙwadago na noman firi da maimai. Mutumin da ba shi da dubu 22 a aljihu, in mai shago ya ce kawo takardarka ga dubu biyar, ko tantama ba zai yi ba. Rangwame yana amfanar mai abin biya ne. Wanda ya fi kowa buƙata shi ne ya fi kowa saurin rabuwa da shi.

Wannan ba sabon labari ba ne, kuma an sha gwada magunguna. A 1975 aka buɗe ayyukan raya karkara na farko da tallafin Bankin Duniya a Funtua da Gusau da Gombe, waɗanda daga baya suka haifi hukumomin gona na jihohi irin su KNARDA a Kano. A 1976, shekarar shirin ciyar da ƙasa na Janar Obasanjo, gwamnatin tarayya ta karɓe sayo taki da rarraba shi gaba ɗaya, da rangwame mai yawan gaske saboda kuɗin fetur na shigowa. Dattawa suna tuna lokacin da ake roƙonsu su karɓi takin zamani suna gudu, wai yana ƙona ƙasa. A 1997 gwamnatin Abacha ta janye tallafin kwatsam, amfani da taki ya faɗi warwas domin babu 'yan kasuwar da suka shirya cike gurbin. A 1999 aka dawo da shi a kan kashi 25 cikin ɗari daga tarayya, kowace jiha ta ɗora nata a kai gwargwadon ƙarfinta da kusantowar zaɓe.

Gwajin da ya fi kowanne nisa shi ne na 2012, lokacin da Akinwumi Adesina ke ministan gona. Shi ne ya fito ya ce kashi 11 cikin ɗari kacal na manoma ke samun takin da gwamnati ke rabawa. Ya cire hannun gwamnati daga saye da jigila. Aka yi wa manoma rajista, saƙo ya shigo wayar mutum, ya je wurin dilan da aka amince da shi ya biya rabin kuɗin buhu biyu, ɗaya kamfa ɗaya yuriya, tarayya da jiha su raba ragowar rabin a tsakaninsu. Miliyoyin manoma sun samu taki a karon farko da sunansu. Amma an sha fama da rashin sabis a ƙauyuka, da waɗanda ba su da waya, da sunayen da suka ɓata a rajista. Abin da ya karya shirin kuwa bashi ne: farashin ɗanyen mai ya faɗi a 2014, gwamnatoci suka kasa biyan diloli kasonsu, diloli suka kasa biyan bankuna, kowa ya ja da baya. A ƙarshen 2016 gwamnatin Buhari ta ɗauko wata hanyar, ta ƙulla yarjejeniya da Maroko a kan sinadarin fosfet, ta farfaɗo da kamfanonin haɗa taki na cikin gida, aka tsayar da buhun kamfa mai lamba 20:10:10 a kan naira 5,500. Gwamnan Jigawa na lokacin, Badaru Abubakar, shi ya jagoranci kwamitin. Wannan farashi ya riƙe 'yan shekaru kafin ya fara hawa, sai yaƙin Rasha da Yukren na 2022 da faɗuwar naira daga 2023 suka ƙara tsawwala shi. Kafin 2024 ta ƙare buhun kamfa ya haura naira dubu 40 a kasuwanni da dama.

Wani zai ce, ai muna da kamfanin Dangote a Lekki da aka buɗe a 2022, mai iya fitar da tan miliyan uku na yuriya a shekara, ga kamfanin Indorama a Eleme, me zai sa yuriya ta yi tsada? Dalili shi ne Najeriya na yin yuriyar da ta fi ƙarfin abin da manomanta ke saye, ana loda ragowar a jirgi zuwa ƙasashe irin su Brazil. Kayan da ke da mai saye da dala, farashinsa na gida ma dala yake kallo. Fosfet da fotash kuwa, waɗanda sai da su kamfa ke zama kamfa, daga waje ake shigo da su. Babu gwamnan jihar da ke da iko a kan ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da ke hannunsa shi ne yadda zai kashe ɗan kuɗin da ya ware, da kuma lokacin da zai kashe shi.

Akwai wata ɓarnar da ba ta fitowa a hoto. Da zarar an ji a rediyo gwamnati za ta kawo taki da rabin kuɗi, manomin da ya tanadi kuɗin buhu biyu sai ya dakata, wa zai sayi abu da tsada alhali mai araha na tafe? Shi ma mai shagon taki a kasuwar ƙauye sai ya rage sari, don yana tsoron ya cika shago a zubo na gwamnati ya kwantar masa da jari. Ka ga sanarwa kaɗai ta rage takin da ke kusa da manomi a daidai makonnin da ya fi buƙatarsa. In na gwamnatin ya makara, ko bai kai ga mutum ba, sai ya koma kasuwa a lokacin da kowa ke nema, farashi ya tashi, shuka ta riga ta galabaita. Na san mutanen da suka yi rantsuwa ba za su sake jiran takin gwamnati ba, kuma gonakinsu sun fi kyau tun daga ranar.

To me ya sa gwamnoni, na kowace jam'iyya, ba sa barin wannan hanya? Domin taki abu ne da ake gani. Ana jera shi, ana buga hoton gwamna a jikin buhu, ana miƙa wa dattijo a gaban kyamara, kansila ya samu abin kai wa mazaɓarsa. Ɗaukar malaman gona aiki ba ya cika fili da tireloli. Alhali a ƙauyuka da yawa malamin gonan ƙarshe da aka sani ya yi ritaya ba a maye gurbinsa ba, babur ɗinsa ma ya ruɓe a zaure. Shi ne mutumin da zai gaya wa manomi cewa yuriyar da ya watsa a kan busasshiyar ƙasa da rana tsaka wani kasonta iska ce za ta sha, a tona a binne kusa da gindi. Shi ne zai duba buhu ya ce wannan 20:10:10 ne, ba irin wanda ka saba ba ne, kada ka zuba wa waken suya kamar masara. Shi ne kuma zai iya kai ƙarar mai sayar da gurɓataccen taki, wanda ake cakuɗa wa yashi ko a sake masa buhu. Tun 2019 akwai dokar tarayya a kan ingancin taki, mai hukunta masu wannan aiki, amma doka ba ta zuwa kasuwar ƙauye da ƙafarta, sai an aika mutum da abin gwaji. Wannan aiki ne da jiha za ta iya yi da kuɗin da bai kai na tirela ashirin ba.

Kuma ƙasar kanta ta gaji, wannan sai mu faɗa wa kanmu gaskiya. Kakanninmu a kewayen Kano sun yi ɗaruruwan shekaru suna noma gona ɗaya ba hutu, da takin dabbobi da tokar murhu da sharar birni da jakuna ke fitarwa a mangala duk rani. Ana roƙon Fulani su sauke shanu a gona bayan girbi, har a ba su damin dawa. Ana barin gawo a tsakiyar gona saboda yana zubar da ganye da damina, ya ba ƙasa abinci bai tare wa shuka rana ba. Yau karan dawa ma kwashewa ake yi a sayar, shanu sun yi nisa saboda rikici da rashin tsaro, gawo ya shiga murhu. Ƙasar da ba ta da ruɓaɓɓen abu a cikinta, jigawa ce zalla, takin zamani in an zuba ruwa ɗaya mai ƙarfi ya wanke shi ya yi ƙasa. Ƙuduji kuma ya samu gindin zama, don ba inda yake so kamar gonar da ta talauce. A 2006 shugabannin Afirka sun taru a Abuja sun yi alkawarin ɗaga amfani da taki daga kilo 8 zuwa kilo 50 a kowace hekta kafin 2015. Najeriya har yanzu wajen kilo 20 take. Amma ko an kai hamsin ɗin, in babu takin gargajiya a ƙarƙashi, asarar za ta yi yawa.

Maƙwabtanmu na Nijar, da ba su taɓa samun kuɗin rangwame irin namu ba, sun koyi wata dabara daga masu bincike na cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai. Maimakon watsa taki a faɗin gona, ana ɗibar ɗan kaɗan, abin da yatsu uku za su tsinka ko cikin marfin kwalbar lemo, a sa a ramin shuka ko a gefensa. Ga gero da dawa a ƙasa mai yashi, wannan ɗan abin yana kawo bambancin da ido ke gani. Aikin yana cin lokaci da ƙugu, ba kuma zai wadatar da masara ba. Sai dai da wani ya nuna wa kawu wannan a kan kari, kuma tiya biyar ɗinsa ta iso a watan Yuni, da ta zagaye gonar geronsa mai yawa.

Ni a ganina, in jiha ta nace sai ta sa kuɗi a taki, abu biyu ne za su raba ta da abin da ake yi yanzu. Na ɗaya, ta gama komai da rani. Kuɗi ya fita a Janairu, kaya su sauka a Maris, kafin ƙarshen Afrilu kowa ya san abin da zai samu da wanda ba zai samu ba, ya nemi mafita tun da sauran hatsin sayarwa a rumbu. Na biyu, ta daina zama 'yar kasuwa. A bar buhu da farashi ɗaya a shagon dila, tallafin ya bi sunan manomi ba ya bi buhu ba, kamar yadda aka gwada a 2012, amma a ajiye kuɗin diloli a banki tun kafin a fara don kada a maimaita bashin da ya kashe wancan. Wannan ba zai hana maguɗi gaba ɗaya ba, rajistar ma ana iya cusa mata sunayen bogi. Zai dai rage adadin hannuwan da buhu ke bi ta cikinsu, kuma kowane hannu da aka cire mako ɗaya ne aka ceto.

Akwai kuma lissafin da ya fi duk waɗannan ƙarfi a zuciyar manomi, wanda ba ya buƙatar biro: buhun masara nawa zan sayar in sayi buhun taki ɗaya? A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, ciki har da masara da shinkafa da alkama, don sauƙaƙa wa mutanen birni. Hatsi ya sauko a 2025, abin da mai saye ya yi hamdala a kansa. Taki bai sauko tare da shi ba. A yankunan masara irin su Saminaka da Giwa da Dandume an shiga yanayin da buhun masara mai kilo 100 ba ya sayen buhun kamfa mai kilo 50. A irin wannan hali buhu ɗaya mai rangwame ba ya sauya shawarar kowa. Manomi ba ya rubuta takardar koke, canza iri yake yi.

Da na kira kawu kafin faɗuwar ruwa in tambaye shi ko an fara rubuta sunaye, ya ce an fara, har mai unguwa ya aiko, ya kuma ba da nasa don kada a ce ya raina. Na ce, "Kawu, masarar fa, eka nawa bana?" Ya ce, "Wace masara, ɗana? Babbar gonar waken suya zan zuba, ta gefen rafi dawa. Masara layi goma a bayan gida, inda awaki ke kwana, ta gasawar yara."